Wuya Ba Ta Kisa? Wahala da Girman Ruhaniya a Koyarwar Kirista

Ranar 30 ga watan Yuli na 1967, wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Joni Eareckson ta je ninƙaya tare da yayarta a mashigin ruwan Chesapeake da ke gabashin Amurka. Ta yi tsalle ta faɗa ruwan da ka, ashe wurin ba shi da zurfi. Ƙashin wuyanta ya karye tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar, jikinta ya shanye daga kafaɗa har ƙasa. Yarinyar da ta tashi tana hawan doki da wasannin motsa jiki ta koma sai an kwantar, sai an tayar. Yau fiye da shekara hamsin ke nan tana kan keken guragu, kuma tana cikin mutanen da Kiristocin duniya suka fi kasa kunne gare su in ana maganar wahala.

Masu wa'azi suna son labarinta, sai dai sukan ba da shi a gurguje: ta karye, ta dogara ga Allah, ta yi suna. Ita ba haka ta ba da shi ba. A littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 1976, ta faɗi yadda ta shafe kimanin shekara biyu tana jinya, tana fushi da Allah, baƙin ciki ya danne ta, har ta kai ga roƙon wata ƙawarta ta taimaka mata ta kashe kanta, tunda nata hannuwan ba za su iya ba. Daga baya ta duƙufa neman warkarwa. An shafa mata mai, an ɗora mata hannu, an kai ta taron wata mashahuriyar mai addu'ar warkarwa, Kathryn Kuhlman, a birnin Washington. Yadda aka tura ta a keke aka shiga da ita, haka aka turo ta aka fito.

To me ya raba yarinyar nan mai neman mutuwa da matar da aka sani yau? Amsar da take saurin zuwa baki ita ce, ai wahalar ce ta gyara ta. Mu ma muna da irin wannan magana a bakinmu: wuya ba ta kisa, bayan wuya sai daɗi, mahaƙurci mawadaci. Amma duk wanda ya taɓa jinyar mai dogon ciwo, ko ya zauna da mutanen da aka kora daga garinsu, ya san wuya tana kisa. Tana kashe jiki, tana kashe zuciya, tana mai da mai fara'a mai ɗacin rai, tana ma iya raba mutum da imaninsa. Wuta ɗaya ake gasa tukwane da ita, amma wata tukunyar ta fito da ƙwari, wata ta fito a tsage. Koyarwar Kirista, in an bi ta daga tushe, ba ta ɗauki wahala a matsayin abu mai kyau a kansa ba. Abin da take cewa shi ne Allah yana iya fitar da alheri daga cikin mugun abu, kuma hakan ba ya mai da mugun abin mai kyau. Wannan bambanci kamar ƙarami ne, amma yawancin ɓarnar da ake yi wa masu shan wahala da sunan addini daga rashin kula da shi take fitowa.

Ayuba shi ne wurin farawa, domin Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, ya san sunan nan kuma yana haɗa shi da haƙuri. Littafin Ayuba a Tsohon Alkawari yana da sura 42. Ya buɗe da attajiri mai tsoron Allah a ƙasar Uz, mai 'ya'ya maza bakwai da mata uku, da tumaki 7,000, da raƙuma 3,000. A yini ɗaya dukiyar ta tafi, 'ya'yan duka suka mutu da gida ya rufta musu. Bayan haka miki ya rufe shi daga kai har tafin ƙafa, ya koma zaune cikin toka yana susa da tsingaron tukunya. Haƙurin da aka san shi da shi yana cikin surori biyu na farko ne. Daga sura ta uku bakinsa ya buɗe. Ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya ce Allah ya mai da shi abin bara. Ya nemi a ba shi dama ya gurfana gaban Allah ya kare kansa. Wanda bai taɓa karanta littafin ba zai yi mamakin zafin maganganun da ke cikinsa.

Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da suka ji labari sun zo ta'aziyya. Kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi a littafin. Da suka fara magana sai suka ɓata. Lissafinsu mai sauƙi ne: Allah mai adalci ne, ba ya hukunta marar laifi, saboda haka tunda Ayuba yana shan wuya, akwai abin da ya aikata. Suka yi ta matsa masa ya tuba. Elifaz har zunubai ya ƙirƙira ya ɗora masa, wai ya hana mayunwata abinci, ya kori gwauraye hannu wofi. Maganganunsu cike suke da ambaton Allah, in ka tsinci wasu a ware sai ka rantse wa'azi ne mai kyau. Amma a sura ta ƙarshe su Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, ya kuma sa Ayuba ya yi musu addu'a. Mai kukan aka wanke, masu kare Allah aka tsawata wa.

Wani abin lura kuma: har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin abin da ya same shi ba. Da Allah ya amsa masa daga cikin guguwa, tambayoyi ya jero masa a kan kafuwar duniya, da taurari, da namun jeji. Abin da Ayuba ya samu shi ne saduwa da Allah kansa, har ya ce dā jin labarinsa yake yi, yanzu kuwa ya gani. A farkon littafin Shaiɗan ya yi zargin cewa Ayuba yana bauta ne don abin da yake samu. Wannan zargi shi ne ƙashin bayan labarin, kuma a nan malaman Kirista da yawa suke ganin matakin farko na girma a cikin wahala: ranar da cinikin da mutum yake yi da Allah a ɓoye ya rushe. Da yawanmu muna da irin wannan ciniki ba mu sani ba. Ni in yi ibada, kai ka tsare mini lafiya da 'ya'ya da kasuwa. Muddin abubuwa suna tafiya daidai, ba mai iya bambanta mai son Allah da mai son kyautar Allah, har shi mai ibadar.

A Sabon Alkawari ma an ci gaba da rushe lissafin abokan Ayuba. A Bisharar Yahaya sura 9, almajirai sun ga wani da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya. A Luka sura 13 ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Wannan bai hana a yarda cewa wata wahalar mutum ne yake jawo wa kansa ba. Mashayi da hantarsa ta lalace ya san inda abin ya fito. Abin da aka hana shi ne ka dubi mai ciwo ka karanta zunubinsa a jikinsa.

Akwai kuma abin da coci-coci da yawa suka yi sakaci da shi, wato kuka. Zabura 150 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na kai kuka ne ga Allah: har yaushe, don me ka yi nisa, don me ka manta da ni. Yawancinsu sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, amma Zabura 88 ba ta juya ba, a cikin duhu ta tsaya. Akwai ma littafi sukutum mai suna Makoki, a kan rushewar Urushalima. Waɗanda suka tara waɗannan littattafai ba su ga saɓo a cikinsu ba, addu'a suka gani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda yake kai wa Allah ƙara bai juya masa baya ba, har yanzu da shi yake magana. Wanda aka hana shi kuka kuwa, aka ce ya yi murmushi ya ce komai lafiya, yakan koyi ɓoye zuciyarsa ga mutane, daga nan ya ɓoye ta ga Allah. Ban ga yadda za a yi girma a irin wannan hali ba.

Abin da ya sa Kirista yake da ƙarfin halin yin wannan kuka shi ne gicciye. A nan koyarwar Kirista ta rabu da ta Musulunci, kowa ya sani, kuma ba muhawara ce ta kawo mu ba. Amma wanda yake so ya fahimci maƙwabcinsa Kirista a ranar makoki, sai ya san abin da yake riƙe da shi. Kirista ya gaskata cewa a cikin Yesu Almasihu, Allah da kansa ya shigo cikin wahalar ɗan Adam. Bisharu sun nuna shi yana jin yunwa, yana gajiya, yana kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. A lambun Getsamani ya roƙi a ɗauke masa abin da ke gabansa in mai yiwuwa ne, sau uku, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba. Aboki ya bashe shi, wani ya yi musun saninsa, a kan gicciye kuma ya ɗaga murya da kalmomin farko na Zabura 22, kukan wanda yake jin an yashe shi. Don haka in Kirista yana cikin azaba, ba ya ganin yana kira ne ga wanda ke nesa, wanda bai san zafin ba. Bayan Jumma'ar gicciye kuma akwai Lahadin tashi daga matattu, abin da ake tunawa da shi a bikin Ista. Daga nan begen yake fitowa cewa wahala tana da iyaka, ko da iyakar ba a wannan duniya take ba.

Manzo Bulus ne ya fi kowa rubutu a kan yadda wahala take zama girma, kuma ba daga kan kujera ya yi ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa ya lissafa abin da ya sha: sau biyar an yi masa bulala 39, sau uku an doke shi da sanduna, sau ɗaya an jajjefe shi, sau uku jirgin ruwa ya fashe da shi. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 5 ya jera matakai, cewa wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya haifar da tabbataccen hali, halin kuma ya haifar da bege. Ana yawan karanta wurin kamar injin niƙa, ka zuba wahala ta sama, bege ya fito ta ƙasa. Amma Bulus ya ɗaure maganar da ƙaunar Allah da Ruhu Mai Tsarki yake zubawa a zuciya. In an cire wannan, jerin ba ya tafiya da kansa.

Ya kuma ba da labarin wani abu da ya kira ƙaya a jikinsa. Bai faɗi ko mene ne ba, masana sun yi ta hasashe, wasu su ce ciwon ido, wasu su ce maƙiya. Sau uku ya roƙi a cire masa, ba a cire ba. Amsar da ya ce ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi, kuma ikon Allah a cikin rashin ƙarfi yake cika. Mutumin da littafin Ayyukan Manzanni ya ce an warkar da marasa lafiya ta hannunsa, shi ne ya zauna da nasa ciwon. Duk mai koyar da cewa rashin warkewa alamar ƙarancin bangaskiya ce, sai ya fara da bayanin Bulus.

Irin wannan koyarwa kuwa ta yi yawa a zamaninmu. Wa'azin wadata, wanda ya taso daga Amurka ya kuma yi ƙarfi a Najeriya tun wajen shekarun 1970 da 1980, yana cewa lafiya da arziki haƙƙin mai bi ne, in ya furta da bangaskiya ya kuma ba da baiko. Ana iya gane abin da ya sa yake jan jama'a a ƙasar da asibiti yake da tsada, aiki kuma ya yi wuya. Kuma ba laifi ba ne Kirista ya roƙi warkarwa, wasiƙar Yakubu ma ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a. Matsalar tana bayyana ne ranar da addu'ar ba ta kawo abin da aka yi alkawari ba. Matar da ta shekara goma ba haihuwa, ta yi azumi, ta yi kwanan addu'a, ta ba da abin da take da shi, sai a ce mata da sauran zunubin da ba ta furta ba. Ta zo da kaya ɗaya, ta koma da biyu. Wannan maganar Elifaz ce aka sake mata riga.

Akwai wani marubuci ɗan Birtaniya, C. S. Lewis, malami a jami'ar Oxford, wanda rayuwarsa ta nuna tazarar da ke tsakanin bayanin wahala da ɗanɗana ta. A 1940 ya wallafa littafi yana amsa tambayar yadda Allah nagari mai iko zai bar ciwo a duniya. Littafi ne mai tsari, hujja bayan hujja, kuma daga cikin abin da ya ce akwai cewa ciwo yana farkar da mutum daga ruɗin cewa ya ishi kansa. Shekara 20 bayan haka, a Yulin 1960, matarsa Joy Davidman ta rasu da ciwon daji, 'yan shekaru kaɗan da aurensu. Abin da ya rubuta a littattafan ajiyarsa a watannin makoki ya fito a 1961, kuma bai sa sunansa na gaskiya a kai ba, ya yi amfani da N. W. Clerk. A ciki ba ka ganin malamin da ke da amsa. Mutum ne da yake jin ya ƙwanƙwasa an ƙi buɗe masa, wanda tsoronsa ba wai ya daina yarda akwai Allah ba ne, tsoronsa kada ya koma ganin Allah mugu ne. A hankali ya lallaɓo ya dawo, da bangaskiyar da ba ta cika baki kamar ta dā. Littafin farko bai zama ƙarya ba. Amma na biyun ne mutane suke miƙa wa wanda aka yi wa rasuwa.

Wannan jin cewa Allah ya yi shiru tsohon abu ne a tarihin ikilisiya. Yohanna na Gicciye, wani malamin zuhudu ɗan Sifaniya da 'yan'uwansa masu ibada suka kulle a wani ƙuntataccen ɗaki a birnin Toledo a 1577, ya koyar da cewa akwai lokacin da ake janye wa mai bi duk wani daɗin ibada, domin ya koyi neman Allah ba don daɗin ba. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka wallafa a 2007 sun nuna ta yi shekaru masu yawa cikin irin wannan fari na zuciya, alhali kullum tana kan aikin kula da matalauta da masu mutuwa.

Mu koma ga Joni. Abin da ya fara juya ta ba wani babban taro ba ne. Abokai ne da suka ƙi daina zuwa, cikinsu har da wani saurayi, Steve Estes, wanda yakan zauna da ita suna buɗe Littafi Mai Tsarki, tana jefa masa tambayoyi masu zafi, shi kuma bai gudu ba. Ta koyi zane da buroshi a baki. A 1979 ta kafa ƙungiyar Joni and Friends don hidima ga naƙasassu da iyalansu. Ta auri Ken Tada a 1982. Ta zauna a majalisar ƙasa mai ba gwamnatin Amurka shawara kan harkar naƙasassu a lokacin da ake shirya dokar kare haƙƙinsu da aka sa wa hannu a 1990. Daga 1994 ƙungiyarta ta fara tattara tsofaffin kekunan guragu, fursunoni su gyara su a gidajen yari, a kai su ƙasashen da mutum yake jan jiki a ƙasa don rashin keke. Wahalar kuma ba ta ƙyale ta ba don ta yi wannan. Ciwon jiki mai tsanani ya zame mata abokin zama, a 2010 aka gano tana da sankarar mama, ciwon ya sake dawowa a 2018.

A nan ne nake ganin ma'aunin da za a iya dogara da shi. Girman ruhaniya abu ne mai wuyar aunawa, kowa yana iya cewa wahala ta kusantar da shi ga Allah. Amma Bulus ya buɗe wasiƙar nan ta biyu zuwa ga Korintiyawa da cewa Allah yana ta'azantar da mutum domin shi ma ya iya ta'azantar da wasu. In wahala ta sa mutum ya fara ganin waɗanda dā yake wucewa bai gan su ba, to wani abu ya girma. In kuwa ta sa shi taƙama da abin da ya sha, yana raina kukan wasu don nasa ya fi, to tabo kawai ta bari. Fafaroma John Paul na Biyu, wanda aka harba a dandalin Saint Peter ranar 13 ga Mayun 1981, ya je kurkuku a Disambar 1983 ya zauna da Mehmet Ali Agca, mutumin da ya harbe shi. A Fabrairun 1984 ya fitar da doguwar wasiƙa a kan ma'anar wahala, kuma kusa da ƙarshenta ya tsaya ne a kan misalin Basamariyen nan da ya tarar da wanda 'yan fashi suka yi wa rauni, ya ɗaure masa raunukan, ya biya kuɗin jinyarsa. Wato bayan duk bayanin tauhidi, inda maganar ta sauka shi ne a tsaya a taimaki wanda ke kwance a bakin hanya.

Ba sai an je Turai ko Amurka ba kafin a ga wannan. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta samo asali ne daga Garkida a 1923, kuma tana cikin ikilisiyoyin da koyarwarsu ta hana ramuwa da ɗaukar makami. Yankin da ta fi yawa, wato kudancin Borno da arewacin Adamawa, yana cikin wuraren da Boko Haram ta fi yi wa ɓarna. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a daren 14 ga Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. An ƙone majami'u masu yawa, an kashe fastoci da membobi, kamar yadda aka kashe Musulmi masu ɗimbin yawa, har da limamai, a wannan bala'i.

Ba wanda zai ce wannan alheri ne, kuma ba kowa ne ya fito da bangaskiyarsa lafiya ba. Akwai waɗanda har yau ba sa iya barci, akwai waɗanda ƙiyayya ta zauna musu. Amma an ga wani abu kuma. Ikilisiyar ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda ake barin mutum ya faɗi abin da ya gani, ya yi kuka, kafin a kawo maganar gafara. Dakta Rebecca Dali, 'yar wannan ikilisiya wadda ita ma ta yi gudun hijira, ta ci gaba da tallafa wa gwauraye da marayu da matan da suka kuɓuto daga hannun mayaƙan, Kirista da Musulmi, har aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Geneva a 2017. A Gurku da ke jihar Nasarawa an kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda mabiya addinan biyu suke zaune wuri ɗaya da gangan. Mutanen da suke da dalilin rufe ƙofa ne suka buɗe ta.

Sai dai akwai gargaɗin da ya zama dole, domin wannan koyarwa tana da saurin zama makami a hannun azzalumi. Matar da mijinta yake duka, ta kai kuka wurin fasto ko shugabar zumuntar mata, a ce mata ta koma ta ɗauki gicciyenta. Ma'aikacin da aka hana albashi a ce masa ladansa yana sama. Yaron da wani babba ya lalata a ce wa iyayensa su yafe su yi shiru don kada sunan coci ya ɓaci. Wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Annabawa irin su Amos da Ishaya sun yi kaca-kaca da masu danne talaka. Yesu bai taɓa ce wa marar lafiya ya zauna da ciwonsa don ya ƙara tsarki ba, warkar da shi yake yi. Bulus ɗin nan da ya sha bulala, da aka zo za a sake yi masa a Urushalima, ya fito da haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma ya hana, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Wahalar da ake jimrewa ita ce wadda ba yadda za a yi da ita, ko wadda ta zo saboda mutum ya ƙi barin gaskiya. Wadda ake iya kawarwa, kawar da ita ake yi. Shi ya sa asibitoci da wuraren kula da kutare suna cikin abubuwan da Kiristoci suka fara ginawa a wurare da yawa da suka je.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji an yi wa wani rashi ko ciwo ya kwantar da shi, ka je, kuma ka sake komawa bayan mako uku, lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Ka tafi da abinci, ka ɗebo ruwa, ka kai yara makaranta. In ya yi maganar da ta yi maka nauyi a kan Allah, kada ka yi saurin toshe masa baki. Fastoci da dattawan ikilisiya su ba kuka wuri a cikin sujada, su daina auna bangaskiyar mutum da saurin warkewarsa. In ciwon na asibiti ne a kai shi asibiti, in na ƙwaƙwalwa ne a nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba, in zalunci ne a raka shi wurin hukuma. Maganar darasin da Allah yake koya masa kuwa, a bar masa ita, shi zai faɗa da bakinsa in lokacin ya yi.